Daminar Killa da daminar Gabhricha Paus

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli fina-finai biyu na harshen Marati, Killa da Gabhricha Paus. A na farko ruwan sama kamar lallashi yake, a na biyu kuwa tun daga sunan fim ɗin zaginsa ake yi. Shi ne kake tambaya: anya mutanen wuri ɗaya ne, kuma wanne ne ya faɗi gaskiya?

Jiha ɗaya ce a Indiya, Maharashtra, wadda Mumbai ce babban birninta, kuma masu magana da Marati sun kai miliyan 83 a ƙidayar 2011. Amma akwai dutse a tsakani. Jerin tsaunukan Sahyadri ya miƙe daga arewa zuwa kudu, kusa da gaɓar teku. Iskar damina tana tasowa daga Tekun Arabiya, ta sauka Kerala wajen 1 ga Yuni, ta iso Mumbai bayan kamar kwana goma. Da ta ci karo da tsaunin sai ta juye kayanta a kan siririyar ƙasar da ke gabansa, wato Konkan. Garin Ratnagiri na Konkan kan samu ruwa wajen milimita 3,000 a shekara, Mahabaleshwar da ke kan tsaunin ta haura 5,000. Gangara bayan dutsen kaɗan zuwa Pune, ruwan bai wuce 700 da ɗoriya ba, kusan abin da muka saba gani a Kano. Gajimaren ya iso ne a matse.

Killa, na Avinash Arun, wanda ya fito a 2014 har ya ci kyauta a bikin fina-finai na Berlin, a Konkan aka yi shi. Yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya, ubansa ya rasu, aka yi wa uwarsa canjin wurin aiki daga Pune zuwa wani gari a bakin teku. Ba wanda yake jiran ruwa a wannan fim, ruwan yana nan kullum kamar maƙwabci: bango ya yi gansakuka, tufafi ba sa bushewa, yara suna tseren keke a jiƙe. Ka tuna wurin da hadari ya rutsa da yaron a cikin tsohuwar ganuwa, ya fito ya tarar abokansa sun tafi sun bar shi? Ruwan a nan aikinsa faɗin abin da ke cikin zuciyar maraya, wanda bakinsa ya kasa furtawa. Abincin gidan bai rataya a kansa ba, domin uwar albashi take karɓa. Wannan shi ne babban bambancin, a ganina, ya ma fi na milimita.

Shi kuwa Gabhricha Paus, na Satish Manwar, 2009, can gabas yake, a Vidarbha, ƙasar auduga. Paus shi ne ruwan sama, kalmar da ke gabansa kuma ashar ce ta karin harshen yankin, kamar dai ka ce tsinannen ruwa. Manomi Kisna yana ta shirin shuka, matarsa tana tsoron kada ya kashe kansa kamar yadda maƙwabcinsu ya yi, har ta sa ɗansu ya riƙa binsa a baya yana lura da shi. Dariya kake yi, cikinka yana ɗurar ruwa.

A nan zan ɗan tsaya, don mutane kan ɗauka Vidarbha hamada ce. Ba haka ba ne. Ruwanta na shekara yakan kai milimita 1,000 a wurare da dama, ya fi na Marathwada da ke yamma da ita. Matsalar ita ce yawancin gonakin babu ban-ruwa, komai ya dogara ga sama, sama kuma ba ta da alkawari. A yi ruwan shuka a Yuni, manomi ya zuba irin da ya ciyo bashi ya saya, sai a ɗauke mako uku. Shuka ta ƙone. Suna da sunan wannan masifa, dubar perni, wato shuka ta biyu, da sabon iri da sabon bashi. In an ci sa'a ta tsira, sai a kwararo kamar da bakin ƙwarya a lokacin da ba a so, baƙar ƙasarsu mai laka ta riƙe ruwan, auduga ta ruɓe a tsaye. Hausa ta fi kowa iya faɗin wannan, tunda kalma ɗaya muke da ita: ruwan sama ya ƙi zuwa, ruwan bashi kuwa bai taɓa fashi ba. Duk wanda ya taɓa yin binne ya zauna yana kallon gabas ba ya bukatar fassara a fim ɗin nan.

Akwai ma abin da ya ba ni mamaki. Manomin Marati da taurari yake lissafin shuka, kuma wanda yake jira shi ne Mrig, da ke kamawa wajen 7 ga Yuni. Taurarin nan su ne Larabawa suke kira Haƙ'a, wadda malaman hisabinmu suke buɗe lissafin damina da ita.

To da ka ce waƙa ma haka ta rabu, gaban dutse murna, bayan dutse kuka, sai in ce a'a, a nan lissafin ya rikice. Gaskiya ne Mangesh Padgaonkar ɗan Vengurla ne a Konkan, kuma waƙarsa ta ruwan watan Shravan, wadda Lata Mangeshkar ta rera, ita ce irin wadda rediyo yake sakawa da zarar gari ya yi luf. Amma waƙar Shravan da kusan kowane ɗan makaranta ya haddace ta Balkavi ce, mutumin Khandesh, nesa da teku, wanda ya rasu a 1918 yana da shekara 27. Shravan yana faɗowa tsakanin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya sassauta, yanzu yayyafi yanzu rana, ko'ina kore shar. Wannan wasan ɓuya na ruwa da rana shi ya kama.

Wanda ya fi burge ni shi ne Mahanor, da ya rasu a 2023. Manomi ne na gaske, daga ƙauyen Palaskhed kusa da kogunan dutsen Ajanta, a busasshen ɓangaren jihar. Za ka zaci shi ne zai fi kowa zagin sama. Ina! Ruwansa ne ya fi na kowa zaƙi, ƙasa a wurinsa amarya ce, hadari ango. Shi ya rubuta waƙoƙin fim ɗin Jait Re Jait na 1977. Ina ganin wanda ya sha jira ne ya san daɗin saukar. Sai kuma marubucin waƙa Grace na Nagpur, tsakiyar Vidarbha, wanda shahararriyar waƙarsa take ɗaura yayyafi da ranar da uwa ta tafi. Babu gona a ciki, babu bashi, makoki ne zalla. Yara kuwa ko'ina a jihar waƙa ɗaya suke yi wa ruwa, suna kiransa ya zo za su ba shi kwabo.

Birni ma bai tsira ba, kada ka ɗauka gaban dutse hutu ne. A ranar 26 ga Yuli 2005 Mumbai ta sha milimita 944 cikin awa 24, ɗaruruwan mutane suka rasu. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a Afrilun 2016, jirgin ƙasa ne yake ɗauko ruwan sha daga Miraj zuwa Latur a Marathwada, tafiyar fiye da kilomita 300, saboda damina biyu a jere sun gaza. Masuntan Koli a gaɓa suna miƙa wa teku kwakwa a tsakiyar Shravan kafin su mayar da jirage ruwa, manoman ciki kuma a ƙarshen watan suna yi wa shanun huɗa ado a bikin Pola. Kowa da abin da yake lallaɓa.

Wanne ya faɗi gaskiya? Babu maƙaryaci a cikinsu. Killa ya fi kyan hoto nesa ba kusa ba, kuma shi zan sa wa yara. Amma in aka ce in ɗauki ɗaya, Gabhricha Paus zan ɗauka, duk da ƙarancin kuɗin da aka yi shi da shi yana nunawa. Dalilina shi ne ya ƙi barin ruwa ya zama ado, abin da fina-finan Hindi da muka taso muna kallo suka saba mana da shi, jaruma tana rawa a jiƙe ba wanda ya tambayi halin da gero yake ciki. In za ka sake kallonsu, fara da na Vidarbha, ka bar Killa ya wanke maka ido daga baya. Kuma in kana da shuka a ƙasa tana jiran ruwa na biyu, bari sai an shiga marka tukuna.