Wata shida ina zuba sinadarin ƙari a man bayodizal

Janaretana ya shekara biyu yana shan gaurin B20, wato kashi 20 cikin ɗari bayodizal (man injin da ake sarrafawa daga man tsirrai ko kitse), sauran kuma dizal na yau da kullum, kafin in fara zuba masa wannan sinadari. Takardar jikin kwalbar ta yi alkawari uku: injin zai riƙa tashi da wuri, man zai daɗe a tanki bai lalace ba, kuma shan mai zai ragu. Biyu sun tabbata a wurina, na ukun kuwa har yau shiru.

Kunne ne ya fara ba ni shaida. A da, idan na tayar da injin da sanyin safiya, yakan yi ƙwanƙwasa mai kaushi kafin ya daidaita, amma yanzu ƙarar ta yi laushi. Cikin sinadarin akwai 2-EHN, wanda ke ɗaga lambar sitan, ma'ana yana rage ɗan jinkirin da ke tsakanin lokacin da nozul ya fesa mai da lokacin da man ya kama wuta. Idan jinkirin nan ya yi tsawo, mai yakan taru a cikin silinda ya kama gaba ɗaya, kuma daga nan ne ƙwanƙwasar take fitowa.

Inda ya fi biya mini buƙata shi ne wajen ajiya. Tunda asalin bayodizal man tsirrai ne ko kitse, iska da zafi suna sa shi tsami, ya yi danƙon da ke toshe filta, shi ya sa ƙa'idar Turai ta EN 14214 ta gindaya cewa sai tsantsarsa ya jure sa'a 8 a gwajin zafin digiri 110 na ma'aunin Celsius. TBHQ da ke cikin kwalbar wannan lalacewa yake jinkirtawa, kuma na ga filtata ta daina saurin cikewa. Sai dai na yi wauta sau ɗaya, na zuba shi a wata jarka da man cikinta ya riga ya yi duhu, ina fatan ya farfaɗo; asarar sinadari kawai na yi, domin rigakafi ne, tun man yana sabo ake sa shi.

Maganar rage shan mai kuwa, a ganina, tallar ta wuce gona da iri. Kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyin bayodizal oksijin ne, saboda haka ƙarfin da ke cikin kowace lita bai kai na dizal ba, kuma 'yan ɗigo ba su cike wannan giɓi.

Baƙin hayaƙin salansa ma tun ranar da na koma B20 ya ragu, ba zan ba kwalbar ladan da ba nata ba. Gurɓatacciyar iskar NOx, wadda bayodizal kan ɗan ƙara, ido ba ya ganin adadinta, sai na'urar awo.