USS Enterprise: shekara 51 a teku da tukwanen nukiliya takwas

Enterprise, mai lamba CVN-65, shi ne jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi na farko a duniya da ke tafiya da makamashin nukiliya. An ƙera shi a Newport News, jihar Bajiniya ta Amurka, ya shiga aiki ranar 25 ga Nuwamba 1961. Tsawonsa mita 342. Ya ci dala miliyan 451, tsadar da ta sa aka fasa ƙera sauran biyar da aka tsara irinsa.

Wajen juriya ba a cewa komai. A 1964 shi da wasu jiragen ruwan yaƙi biyu masu nukiliya, Long Beach da Bainbridge, suka zagaye duniya cikin kwana 65 ba tare da tsayawa shan mai ba. Da yake ba ya ɗaukar man da zai tuƙa kansa, sai wurin ya koma na man jiragen sama da makamai. Ga tururi a wadace, wanda da shi majaujawa huɗu ke cilla jirage sama. Ya yi aiki a rikicin Kyuba a 1962, da Biyetnam daga Disamba 1965, har zuwa Afganistan a 2001.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin injin. Tukwanen nukiliya, wato na'urorin da ke samar da zafin da ke mai da ruwa tururi, samfurin A2W har takwas aka dasa masa, kowane biyu na juya farfela ɗaya. Kowace tukunya kuwa da famfunanta, da bututunta, da masu gadinta dare da rana. Sabunta makamashi sai an yanka jikin jirgin, shi ya sa garambawul ɗin da aka fara a 1990 bai ƙare ba sai 1994. Kuma tun da ba shi da ɗan'uwa, kayan gyara da yawa sai an ƙera su musamman dominsa. Jiragen ajin Nimitz da suka biyo baya tukunya biyu kacal suka ishe su. Radar SCANFAR ma, mai faffadan allo a jikin hasumiya, ta yi ta ba da wahala har aka cire ta a gyaran 1979 zuwa 1982.

Babban bala'in da ya same shi kuwa babu ruwan nukiliya a ciki. Ranar 14 ga Janairu 1969, kusa da Hawai, an ajiye injin tayar da jirage dab da wani jirgin saman yaƙi samfurin F-4 Phantom, salansarsa na hura zafi kan rokar Zuni da ke rataye a fiffike. Roka ta fashe, mai ya kama, bama-bamai suka huda daben jirgin ruwan, wuta ta zuba ƙasa. Mutum 28 suka rasu, sama da 300 suka jikkata, jirage 15 suka ƙone.

An jingine Enterprise a Disamba 2012, aka sallame shi a hukumance a Fabrairu 2017. Masu son a mayar da shi gidan tarihi ba su samu ba, domin fitar da tukwanen nan takwas sai an farfasa jirgin.