Taswirar salsalar John of Gaunt da na saya a Linkon

Watan jiya na shiga wani ɗan shagon littattafai kusa da babban cocin Linkon a Ingila, na sayi wannan taswira ta liƙawa a bango, ta zuri'ar John of Gaunt basaraken Lankasta, ɗan Sarki Edward na uku, wanda aka haifa a 1340 ya rasu a 1399. Gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba gidan ɗaki ɗaki, kowace mata da kalarta. Ɗakin uwargida Blanche shuɗi, nan za ka ga Henry na huɗu da ya karɓe sarauta a 1399 da yayarsa Philippa da ta auri sarkin Fotugal, ɗakin Constance kore, 'yarta Catherine ta zama sarauniyar Kastil da ke Sifaniya ta yanzu, sai ɗakin Katherine Swynford ja, to nan fa na daɗe a tsaye wallahi, domin ita mai rainon 'ya'yansa mata ce da farko, ta haifa masa huɗu gaba da fatiha, su ne Beaufort, bai aure ta ba sai 1396, Sarki Richard na biyu ya halatta su a 1397. Na ɗora yatsa kan jan layin nan ina bi, John Beaufort, ɗansa John, jikarsa Margaret, sai ga ni a kan Henry na bakwai da ya ci sarauta a 1485. Ta gefen Joan ƙanwar John Beaufort na farko kuma, 'yarta Cecily Neville ce ta haifi Edward na huɗu da Richard na uku. Kabarin Katherine ɗin yana cikin cocin, na gan shi ranar, Joan na kusa da ita.

Inda suka gaza, babu ko layi ɗaya kan 1407 da Henry na huɗu ya ƙara sharaɗin cewa 'yan'uwansa Beaufort ba za su gaji sarauta ba, alhali 'yan ubancin nan shi ne gishirin labarin. Rubutun ƙasa kuma ƙanana ne sosai, sai da na haska da fitilar waya. Takardar dai mai kauri ce, a naɗe suka ba ni cikin kwali, ko lanƙwasa ba ta yi ba har gida. In za ka saya ka nemi babbar.