Kafintan da ya ɗaure mini ginshiƙin ƙyaure a jikin jan bulo

Sau biyu ƙyauren da ya raba tsakar gidanmu da turken awaki yana faɗuwa. Na farkon da ya yi aikin, wani saurayi ne mai saurin hannu: ya jingina katako a jikin katanga, ya bi shi da ƙusar kankare guda shida, ya karɓi kuɗinsa. Damina ɗaya ta wuce, ƙusoshin sama suka zazzago da garin siminti a bakinsu. Ashe duk a layin kwaɓin da ke tsakanin bulo ya buga su, inda ya fi taushi.

Maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani dattijo da ke zama wajen 'yan katako na Na'ibawa a Kano. Da ya zo bai taɓa kayan aiki ba sai da ya ƙwanƙwasa katangar da gindin guduma, yana saurare. Ya ce, "Malam, jan bulon nan ya tsufa. In na sa masa noti mai buɗewa a ciki, tsagewa zai yi, tunda bakin katanga ne." Na ce to Baba, yaya za a yi? Ya ce huda za mu yi har waje.

Haka kuwa aka yi. Ya sa na sayo maɗaci, ba farin katako ba, saboda gara. Ya shafe shi da baƙin mai sau biyu, musamman gindin. Sai ya huda rami uku a tsakiyar bulo, ba a layin siminti ba, ya zura rodi mai zare mai kaurin milimita 12, ya fito da shi ta bayan katanga, ya ɗora farantin ƙarfe ya ɗaure da noti. Biyu daga cikin ukun a sama ya sa su, domin a cewarsa nauyin ƙyaure sama yake ja, ƙasa kuwa turawa yake yi. Wannan ban taɓa lura da shi ba, ko da yake da idona na ga ƙusoshin sama ne suka fara fita.

Abin da ya fi burge ni ƙanana ne. Ya ɗaga gindin katakon daga ƙasa kamar faɗin yatsa biyu don kada ya sha ruwa. Ya sa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, tsakaninsa da katanga iska ta riƙa ratsawa. Kan ginshiƙin ma ya yanke shi a karkace, ruwan sama ya zurare.

Amma fa Baba ba ya san agogo. Ya ce bayan azahar, sai ga shi ana kiran magariba, aikin yini ɗaya ya ci uku. Kuɗinsa ya kusa ninka na saurayin. Kuma ya bar bakin rodin a waje bai yanke ba, har ya yage wa ƙaramar 'yata hijabi. Ni na nemo zarton ƙarfe na datse.

Ya ce in hunturu ya busar da katakon in ƙara matse notin. A watan Janairu na gwada, kowanne ya ɗauki kusan rabin juyi. Yanzu damina ta biyu ke nan, bunsurun da ke tunkuyar ƙyauren kullum da safe bai ko girgiza ginshiƙin ba.