Ƙaramar caja mai gwaji, ko fawa saflai da na'urar lodi?

Injiniya, sannu da aiki. Ka ce kana sayo tsofaffin batiran laftof a Beirut Road kana ɓarewa ka ciri ƙwayoyin 18650, wato ƙananan batiran litiyam da ke cikinsu, jefi-jefi kuma a kawo maka batirin sola mai 200Ah a ce ba ya kaiwa asuba. Tambayarka: caja irin iMAX B6 ta ishe ka, ko sai ka sayi fawa saflai ta kan tebur (mai tura wuta gwargwadon yadda ka saita) da na'urar lodi (mai zuƙe wutar batir tana aunawa) irin na ɗakin gwaji?

Mitar awon bolt ba ta raba gardamar lafiyar batir. Batirin da ya gama yawo ma yana iya nuna 12.7V bayan caji, ana ɗora masa inbata ya zube. Kallon buhu ne a Dawanau, sai an zazzage an auna da kwano ake sanin abin da ke ciki. Dole a cika batir, a zuƙe shi da tsayayyen amfiya har iyakar da aka gindaya masa, a lissafa abin da ya fito. Duka biyun aikin da suke yi ke nan, a wajen ɗaukar nauyi suka rabu.

B6 tana caji har 50W, amma zuƙarta ba ta wuce 5W. Ga ƙwayar 18650 wannan ya wadatar: ta cika ta zuwa 4.2V, ta sauke ta zuwa 3.0V a kan 1A, ta tsaya da kanta, ta rubuta maka mAh a allo. Da ita kaɗai za ka kama masu tambarin 9900mAh, alhali na ƙwarai ma a wajajen 3500mAh suke tsayawa. Sai dai jabunta sun cika kasuwa, ka riƙa gwada lissafinta da mitarka. Kuma ɗaya bayan ɗaya take yi.

Kawo mata batirin sola kuwa, zance ya ƙare. 5W a kan 12V kusan 0.4A ke nan. Lafiyayyen 200Ah zai cinye awa 500, wajen sati uku, mai kaya ya daɗe da komawa wani shago.

A nan na'urar lodi take da rana. Yawancin batiran dalma, irin wannan na sola, a awa 20 ake rubuta ƙarfinsu, wato 10A za ka ja daga mai 200Ah har ya sauka 10.5V. Idan ya isa can a awa 9, 90Ah kawai yake iya riƙewa yanzu, ka nuna wa mai shi allo ba sai kun yi musu ba. Wannan ja kusan 120W ne na zafi tsantsa, saboda haka mai 150W tana dab da iyakarta. A watan Afrilun Kano da zafi ke haura digiri 40, in ba fanka a kanta kana iya jin ƙauri. Ka yi amfani da wayoyi huɗu in tana da gurbinsu: biyu masu kauri na ɗaukar wuta, biyu sirara na awo a kan kunnen batir, don kada asarar waya ta sa ta tsaya kafin lokaci.

Fawa saflai daɗinta kai ke riƙe da linzami. Ka saita iyakar bolt, ka saita iyakar amfiya, ka ga da idonka lokacin da bolt ya tsaya amfiya ya fara sauka: 4.2V ga litiyam na laftof, 3.65V ga LiFePO4, wajen 14.4V ga dalma. Amma ba ta san batir ba, ba ta kashe kanta, kuma turawa kawai take yi, ba ta haɗiya. In aka ɗauke wuta batir na jone, yana iya mayar mata da wuta ya ƙone ta. Mu da ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, dayod (mai hana wuta komawa baya) da fis a layin sun zama wajibi, sannan a kan batir za ka auna bolt, tunda dayod na cin nasa kason. Mai 5A kuma sai ta haura awa 40 kafin ta cika 200Ah. Akwai na'urori masu yin duka biyun, turawa da haɗiya, irin na Chroma da ITECH, wasu har su mayar da wutar da suka zuƙa kan layi, amma kuɗinsu na masana'anta ne da jami'a.

Ni dai da kuɗinka a hannuna, na'urar lodi zan fara saya, domin cajin babban batir inbatar shagonka za ta yi shi. B6 ta biyo baya don ƙwayoyi, fawa saflai ta jira ciniki ya buɗe. Kuma duk ƙwayar da ka ciro ta nuna ƙasa da 2V, ko ta ɗau zafi a caji, ka ware ta, kada ta shiga fawa bankin kowa.