Kafin ka zuba kuɗinka a mota atomatik ta hannu, ga abin da na gani da idona

Bayan ƙaramar sallah ƙanwata ta kira ni take cewa Yaya wallahi na gaji da motar haya, adashena ya fito na haɗa da ɗan abin da na tara, ka nema min mota amma atomatik nake so don ban iya wahalar kuloci. Koyarwa take yi a Jega, gidanta kuma yana Birnin Kebbi, kullum sai ta bi ta Kalgo ta je ta dawo, sama da kilomita 60 kenan a rana, ga yara biyu da za ta sauke makaranta tun da safe. To ka ga mai irin wannan zirga-zirga ba motar ado take nema ba, mota take so wadda za ta tashi da safe ba gardama kuma ba za ta cinye albashi a gidan mai ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai lissafin kowa ya canza, motar da a da ake cewa ai shan manta ba komai yanzu ita ce ke ajiye a ƙofar gida ƙura ta rufe ta.

Kusan sati shida muka yi muna nema ni da makanikena, nan cikin gari da Sakkwato, har Kano mun yi ta waya ana turo hotuna. Abin da zan faɗa daga wannan yawon na samo shi.

Mota ta farko da muka gani Camry ce ta 2008, wadda ake kira Muscle, baƙa wuluk an wanke ta an shafe tayoyi da mai sai ƙyalli take. Ƙanwata na ganinta ta ce Yaya wagga nika so. Makanikena bai ce komai ba, ya buɗe bonet ya zaro sandar awon man giya ya goga a farin hankici ya miƙo min, ya ce Alhaji shinshina ka jiya. Man da ya kamata ya zama ja garai-garai ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana, ga ƙauri kamar an ƙona roba, kuma da na murza shi tsakanin yatsu sai na ji ɗan tsaki-tsaki. Ya ce giyag ga ta kusa, ba mu sayenta. Dillalin ya yi ta rantsuwa wai mai kawai za a canza shikenan, muka yi masa godiya muka wuce. Kyan ɗan maciji kenan, kuma da ni kaɗai na je da ita da wuya mu baro motar nan a wurin.

Don haka ni a wurina maganar atomatik daga giyabos take farawa. Inji in ya samu matsala kusan kowane gareji akwai mai taɓa shi, amma giyar atomatik masu iya buɗe ta su gyara ta zauna ba su da yawa a nan wajenmu, yawanci sai dai a ce maka a sayo wata Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko ma Ladipo a Legas, kuma ita ma wadda za a kawo ɗin ba ka san tarihinta ba. Sannan ba duk atomatik ne iri ɗaya ba, mutane da yawa ba su san wannan ba. Akwai ta asali mai canza giya ɗaya bayan ɗaya kana jin ta, ita ce a tsofaffin Corolla da Camry da Accord, tana da haƙuri sosai. Akwai CVT wadda bel na ƙarfe ke ja, ba ta da shan mai amma ba ta son zafi kuma ba ta yafe man da ba nata ba, ita ce a Nissan da yawa irin su Altima da Murano, har sai da kamfanin ya ƙara wa'adin garantin giyar motocinsa na 2003 zuwa 2010 a Amurka ya kai shekara 10 saboda koke-koken masu su. Akwai kuma mai kuloci biyu irin ta Ford Focus daga 2012, wadda ta jawo wa Ford ƙararraki a kotu. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, waɗannan biyun na ƙarshe ni ban ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar ya kusance su komai arhar da aka yi masa, don araha ba ta ado. Haka Peugeot 406, mota ce da muke ƙauna a Arewa kuma manuwal ɗinta ba a magana, amma atomatik ɗinta mai giyar AL4 tana son kulawar da ba kowane gareji ke iyawa ba.

To wace za a saya? Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita na sa a gaba. Inji 1.8 ne fulogi huɗu, sarƙa ke jan taimin ɗinta ba bel ba, giya huɗu ce mai sauƙi, tankinta lita 50. A gwajin da aka yi mata a Amurka tana sabuwa lita ɗaya na kai ta wajen kilomita 11 a cikin gari, kan babbar hanya kuma kusan 15, yanzu da ta tsufa ga esi a kunne ka rage wani abu a kai amma duk da haka tana gaban sa'o'inta. Babban abin da ya fi ja na shi ne kayan gyara, in ta tsaya maka a Argungu ko Koko ko Yauri za ka samu wanda ya san ta kuma za ka samu kayanta a shago ba sai an yi waya Legas ba. Aibinta kuwa tsada, don kowa ita yake nema dillalai sun san haka, kuma ɓarayi ma sun sani, sai ka sa mata ƙarin tsaro. Wasu na farko-farkonta suna shan baƙin mai, a duba salansa ko tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Wadda ta biyo ta, 2009 zuwa 2013, ita ma giya huɗu ce a mai inji 1.8 kuma lafiyayya ce in aljihu ya kai, amma daga 2014 yawancin 'yan Amurka CVT ne, ka tambaya kafin ka biya.

In kuɗin Corolla ya gagara ka duba Pontiac Vibe ta 2003 zuwa 2008. Sunan ne kawai na Amurka, inji da giya na Toyota ne iri ɗaya da na Corolla da Matrix, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar Toyota da GM a Kalifoniya aka ƙera ta. Bayanta a buɗe yake, ka kwantar da kujeru ka loda buhunan shinkafa ba damuwa, shi ya sa 'yan kasuwa da masu iyali ke son ta. Sai dai fitila da bamba da sauran kayan bodi nata daban ne kuma an daina yin Pontiac tun 2010, in aka fasa maka fitila sai ka ɗan nema. Kuma ka kauce wa mai jan ƙafa huɗu, ta fi shan mai ta fi kayan lalacewa.

Camry daɗin zama da laushin tafiya ba a haɗa ta da Corolla, in kana yawan doguwar tafiya irin Birnin Kebbi zuwa Abuja ta Kontagora bayanka zai gode maka. Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 mai fulogi huɗu jaruma ce. Muscle kuwa a kula, mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, Toyota da kansu sun amsa haka, sai wanda ke duba sanda duk sati zai zauna lafiya da ita. Ta 2010 da 2011 mai inji 2.5 da giya shida ta fi, amma ita ba ta da sandar awon man giya, ba za ka iya gwajin hankici ba sai a tuƙi. Shan mai kuma wajen kilomita 9 a lita cikin gari, 13 a hanya, ka lissafa wannan bambancin da Corolla sau kwana ashirin da wani abu a wata za ka ga kuɗin cefane ne guda.

Honda fa, na san akwai masoyanta da yawa kuma da gaskiyarsu don ta fi daɗin tuƙi kuma sau da yawa ta fi Toyota sauƙin kuɗi. Accord ɗin da ake kira EOD ta 2003 zuwa 2005 da wadda ake kira DC ta 2006 da 2007 in fulogi huɗu ce injin nan 2.4 ƙarfe ne. Mai fulogi shida ita ce nake tsoro, a 2004 Honda ta janye na 2003 da 2004 don gyaran giya mai yin zafi, ga bel na taimin da in ya tsinke ya tafi da inji, ga shan mai. Sai maganar ƙafa, duk wanda ke bin hanyoyinmu ya taɓa ganin Honda a gefen titi taya ta karye ta shige ciki, boljoyin ne, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya, ba ya son ramuka kuma ba ya son jabun kaya, wanda zai riƙa dubawa yana sa na asali ba ruwansa. Civic ta 2006 zuwa 2011 ba ta da shan mai ko kaɗan amma ƙasa take sosai, in unguwarku na cin ruwa da damina ko kana shiga ƙauye za ta riƙa dukan ƙasa. Mercedes da BMW masu arha kuwa ban ma tsaya ba, ba da albashin malamar makaranta ake riƙe su ba.

Amma duk wannan sunaye ne, Corolla da aka wulaƙanta ba ta kai Honda da aka riƙe da kyau ba. Ka je ganin mota da sassafe kafin a tada ta, ka taɓa injin ka ji da sanyi, don mai matsala in ta yi ɗumi tana ɓoye halinta. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada ba ka ga duk fitilun dashbod sun kawo, in ta cek mai nuna matsalar inji ko ta iyabag, wato jakar iskar kariya a haɗari, ba ta kawo ba to an cire ƙwan ne ko an liƙe ta. Ka taka birki ka sa D ka sa ribas, ya kamata ta shiga nan take a hankali, in ta yi jinkiri sannan ta buga kamar an tunkuɗe ka akwai magana. Sannan kada ka yarda da zagayen layi ɗaya, ka hau titi sosai ka yi kamar minti 30 da esi a kunne har ta yi zafi, kana kallon allurar zafi kana saurare ko inji na ihu mota ba ta ƙara gudu. A sa mata kwamfuta a duba, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. A leƙa ƙasa a ga ko an cire indomin salansa mai tace hayaƙi, a duba ko an cire tamostat mai daidaita zafin inji an haɗa fanka kai tsaye, wannan al'adar ta garejojinmu tana ƙara shan mai ba kaɗan ba. Ka ɗaga kafet ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, in ka ga laka ko tsatsa ko warin rima to ambaliya ta taɓa cin ta a can inda ta fito. Lambar tafiyar da ke dashbod kada ka dogara da ita don ana mayar da ita baya, kuma 'yan Amurka da mil suke ƙirga, mil 100,000 kilomita 160,000 ne. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ita kam ko kyauta-kyauta ce ka bar ta.

Takardu kuma mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin zafinsu. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, amma ga Kamba ga Bagudo kusa da mu, 'yan Kwatano marasa diyuti ba su daina yawo ba, a cikin gari ba mai tare ka sai ranar da ka ɗauki hanya da iyalinka a sauke ku a shingen kwastan. Ka kai takardar ofishin kwastan a tantance kafin ka biya ba bayan ka biya ba, ka haɗa lambar casis mai harafi da lamba 17 da ke jikin gilashi da ta jikin ƙofa da ta takarda su zama ɗaya, a rubuta yarjejeniya da shaidu, la'adar dillali ma a yanke ta tun farko.

A ƙarshe Corolla 2006 muka ɗauka, ba Beljiyam ba ce, ta wani dattijo ma'aikaci ce da ya yi ritaya, rana ta cinye fentin saman har ya yi fari-fari kuma ƙanwata da farko ta ɓata rai ta ce Yaya wannan ai ta tsufa. Amma man giyarta ja ne tas, kuma dattijon ya fito mana da wani ɗan littafi da yake rubuta duk ranar da ya yi juye da abin da ya canza. Na ce mata kada mu kashe kuɗin duka a saye, muka rage wani abu, da shi aka yi juyen baƙin mai, aka sa man giya T-IV wanda shi ne nata (Honda kuma DW-1 take sha, kada a yarda a zuba mata kowane jan mai don an ga launi ɗaya ne), aka sa sabon batir tunda atomatik ba a tura ta ta tashi. Tayoyin gaba da muka duba lambar nan huɗu ta jikinsu 2319 muka gani, wato sati na 23 a 2019, zanensu bai cinye ba amma roba ta tsattsage, kuma kwaltar Jega da azahar ba ta wasa da tsohuwar taya, su ma muka canza. Yanzu wata na huɗu kenan tana zuwa aiki da ita, fentin kuma ta ce a bar shi sai bayan damina in an biya kuɗin makarantar yara.