CPDL: rumbun waƙoƙin kwaya kyauta, amma sai an tankaɗe

Kwayar jami'a ba ta cika samun kuɗin sayen takardun waƙa kwafi arba'in ba, shi ya sa CPDL (Choral Public Domain Library), rumbun intanet na takardun waƙoƙin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, ya zama madogara. Rafael Ornes ne ya kafa shi a 1998, kuma 'yan sa-kai ne ke rubuta waƙoƙin da suka fita daga haƙƙin mallaka su ɗora, kowa ya sauke kyauta. Ana iya nema ta sunan mawallafi, ta harshe, ko ta yawan muryoyi. Wannan na ƙarshe shi ya fi amfani ga shugaban kwaya, don a jami'a teno, wato maza masu murya ta sama, su ne kullum ke ƙaranci. In maza shida ne kacal, a nemi waƙa mai murya uku: sofurano da alto (muryoyin mata, ta sama da ta ƙasa), sai maza a haɗe.

Inda rumbun ya yi zarra shi ne tsofaffin waƙoƙin Latin. "Ave verum corpus" na Mozart, na 1791, gaɓa 46 ne kawai (ƙananan sassan da ake raba waƙa a takarda), sababbin ɗalibai kan iya shi cikin 'yan makonni. Wahalarsa riƙe numfashi da rera shi a hankali. "Locus iste" na Bruckner, na 1869, ba ya buƙatar kayan kiɗa, sai dai akwai tarko a tsakiyarsa: bas, wato maza masu kakkaurar murya, kan yi shiru, teno ya ja gaba, to in teno ba su da ƙwari nan asiri ke tonuwa, murya ta yi ta zamewa ƙasa.

Babbar matsalar ita ce waƙa ɗaya kan zo da bugu da yawa, kuma ba su yi daidai ba. A "Sicut cervus" na Palestrina, wani ya bar muryar yadda take, wani ya ɗaga ta don sauƙaƙa wa alto. Lambobin gaɓa kan saɓa, haka inda kalma ke faɗawa ƙarƙashin nota. Muddin aka ce kowa ya je ya sauke da kansa, ranar bita za a ce "gaɓa ta 20" rabin ɗaki na wani wuri. Mutum ɗaya ya zaɓi bugu, ya kaɗa kowace murya a fiyano daga farko har ƙarshe, ya gwada da tsohon bugu na IMSLP (wani rumbun takardun kiɗa na intanet), sannan a buga wa kowa, da ƙarin kwafi biyar don masu ɓatarwa. Kuskuren nota ɗaya da ya zauna a kunnen mutum talatin ya fi sabuwar waƙa wuyar gyara.

Bugu da dama ba su da layin fiyano, abin da kan gajiyar da makaɗin bita. Fayilolin sauti da ke tare da wasu na taimaka wa wanda bai iya karanta nota ba, amma babu lafazin kalmomi a cikinsu.

Kada a sa ran samun mawallafan zamani irin su Rutter ko Whitacre. Ayyukansu na da haƙƙin mallaka, saye ake yi. Babban aiki kuma irin "Messiah" na Handel, gara a ari littattafan da aka ɗinke, don shafuka masu yawa da aka buga a firinta kan warwatse kafin zangon karatu ya ƙare.